Yaushe Ciniki Ke Yankewa? Tarihi Daga Zamanin Wuri Zuwa Zamanin Bulokcen

Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, kusa da fadamar Gulbin Rima, wajen shekarar 1830, bai tsaya ga gina ganuwa da zaunar da mayaƙa kaɗai ba, domin ya daɗe da sanin cewa gari ba ya zaunuwa sai da kasuwa, kasuwa kuwa ba ta ci sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da lokacin da maganarsu ta yanke. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya raya masu sana'a, ya kuma kula da kasuwanni da hanyoyi. Mahaifinsa Shehu Usmanu kuwa ya riga ya keɓe wa saye da sayarwa babi a cikin Ihya'us Sunna. Saboda haka mas'alar da masana kwamfuta ke kai-kawo a kanta yau, watau a wane lokaci ne biya ke tabbata har ba mai iya warware shi, tsohuwar mas'ala ce ga mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙauyukansu irin su Lahodu, kuma amsarta ta farko a littattafan fiƙihu take.

A mazhabar Malikiyya, wadda da ita alƙalan Daular Usmaniyya suke hukunci, ciniki yana lazimta ne da ijabi da kabuli, ko da masu cinikin ba su tashi daga inda suke zaune ba. Imamu Malik ya ruwaito hadisin zaɓin majalisa a cikin Muwaɗɗa, amma bai yi aiki da shi ba, saboda bai tarar da mutanen Madina a kansa ba, alhali kuwa Imamu Shafi'i ya riƙe shi. Wannan ne ya sa idan mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, aka ƙara, aka ja, har mai kaya ya ce ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa a gaban jama'a, to magana ta ƙare. Amma fa malamai ba su rufe ƙofa ruf ba. Sun bar zaɓin sharaɗi, wanda Muhtasar na Halilu ya ƙayyade wa wa'adi gwargwadon abin da aka saya, kamar wata guda ga gida, kamar kwana uku ga dabba. Sun bar zaɓin aibi ga wanda aka ɓoye masa illar haja. Sun kuma bar iƙala, idan su biyun sun yarda su warware da kansu. Canjin zinariya da azurfa suka tsananta a kai, suka ce lalle ya kasance hannu da hannu ba tare da jinkiri ba. Bashi kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta yi umurni a rubuta shi a kuma kafa shaidu. Abin lura a wannan tsari shi ne, da mai furta sallamar, da shaidun da suka ji, da alƙalin da yake da ikon warwarewa, duk mutum zai iya isa gare su da ƙafarsa kafin rana ta faɗi.

Kuɗin wancan zamani wuri ne. Littafin Tarihin Kano yana cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda aka lissafa sarautarsa daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Sai dai wannan riwaya ce da aka rubuta bayan abin da shekaru masu yawa, kuma Ibn Baɗɗuɗa ya riga ya ga ana ciniki da wuri a Mali da Gao tun wajen 1352. A bakin teku kuma akwai almarar da ake faɗa wai da gawar bayi ake kamo wurin daga cikin ruwa. Abin da ya tabbata a rubuce dai shi ne daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya ake kwaso shi, daga baya kuma, tun wajen 1845, 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jido wani iri mai araha daga Zanzibar, wanda ya cika kasuwanni har darajar kuɗin ta yi ta zubewa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta cewa a Kano ana canja dalar azurfa guda a kan wuri 2,500, ya kuma bayyana wahalar ƙirga shi, domin wurin ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare kamar na bakin teku. Mai ƙirga yakan zube shi a tabarma, ya riƙa jan biyar-biyar da yatsunsa, yana tara su kashi-kashi har ɗari, har dubu, sa'an nan a ɗure dubu ashirin a keso guda. Mai sayar da doki na iya wuni ana ƙirga masa. Amma da zarar an gama, ya ɗaure bakin kesonsa, ba wata hukuma a bayan ƙasa da za ta aiko ta ce biyan bai shiga ba. Inda nauyin wuri ya gagara, kamar fataucin goro zuwa Gwanja, sai amana ta tsaya a madadinsa: maigidan da fatake ke sauka wurinsa shi ne shaida, shi ne lamuni, kuma sunansa ne jinginar.

Ranar 15 ga Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, daga nan kuwa shaidar biya ta fara nisa da kasuwa. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai mazauni a Landan, sule da sisi da kwabo da anini suka ture wuri sannu a hankali, musamman da aka ce da su za a biya haraji. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, zamanin da ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, yake Firimiyan Jihar Arewa. Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973. Duk da haka tsabar kuɗi hukuncinta ɗaya da na wuri, miƙawa ita ce yankewa. Caki ne ya zo da baƙon abu, domin takarda ce da mutum zai riƙe kwana da kwanaki bai san ko biya ce ko alkawari ba. Manyan bankunan duniya ma sun ɗanɗana wannan ranar 26 ga Yuni 1974, sa'ad da hukumar Jamus ta Yamma ta rufe bankin Herstatt da yammaci, bayan abokan cinikinsa sun miƙa masa kuɗin Jamus, tun dalolin da suke jira a Niyok ba su fito ba. Wannan shi ne ainihin jinkirin da fuƙaha'u suka hana a babin canji tun ƙarnoni da suka shuɗe. A Nijeriya an yi wa kamfanin NIBSS rajista a 1993 don warware lissafi tsakanin bankuna, a 2011 kuma ya fito da hanyar tura kuɗi nan take, wadda yawancin tiransifar yau ke bi. Sauri ya samu, amma shaidar ta koma cikin na'urorin da mai kaya bai taɓa gani ba.

Ana cikin wannan hali ne, ranar 31 ga Oktoba 2008, daidai lokacin da bankunan Amurka ke durƙushewa, wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da maƙala mai shafi tara, ranar 3 ga Janairu 2009 kuma ya buɗe kundin Bitcoin. Ko wane ne shi, ko mutum ɗaya ne ko jama'a, an yi ta ƙila-wa-ƙala, ba ko ɗaya da ta tabbata. Aikinsa dai yana nan kowa na iya dubawa. Dabarar ita ce a yi kundin lissafi guda wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ana ƙara masa shafi kamar kowane minti goma, kowane shafi kuma yana ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya taɓa tsohon shafi sai hatimin dukan na bayansa ya ɓaci. Wannan sarƙa ta shafuka ita ce bulokcen. Masu rubuta shafin, waɗanda ake kira mahaƙa, tsere suke yi wajen warware wani lissafi mai cin wutar lantarki, wanda ya riga shi ke rubutawa ya karɓi lada. Idan aka yi kiciɓis biyu suka gama tare, kundin ya yi reshe biyu, ƙa'ida ita ce a bi reshen da aka fi zuba wa aiki, ɗayan kuwa a watsar da shi da duk abin da ke cikinsa.

A nan ne hukuncin ya bambanta da duk abin da ya gabata. Cinikin da ya shiga shafi an ce ya sami tabbaci ɗaya, idan aka ɗora wani shafi a kansa ya sami biyu, haka har abin ya yi nisa. Amma babu wani shafi da za a nuna a ce daga nan ya yanke yankewa ta har abada. Rinjayen zato ne ke ƙaruwa, ba yaƙini ba. Al'adar masu harkar ta zauna a kan jiran tabbaci shida, watau kimanin sa'a guda, domin wanda zai warware wannan sai ya mallaki ƙarfin lissafin da ya kusa na sauran mahaƙa duka. Kuma kada a ɗauka wannan tsoro ne na cikin littafi kawai. A Maris 2013 sabuwar manhajar Bitcoin ta karɓi wani shafi da tsohuwar ta ƙi, kundin ya rabu biyu har tsawon shafi 24, sai da manyan mahaƙa suka yi shawara suka koma tsohuwar, aka zubar da reshe guda sukutum. A Agusta 2020 kuma an kai wa kundin Ethereum Classic hari sau uku cikin wata ɗaya, maharan suka yi hayar ƙarfin lissafi suka sake rubuta dubban shafuka, kuɗin da aka riga aka biya suka koma hannun masu biya.

Shi wannan Ethereum Classic ɗin ma asalinsa rigima ce a kan yankewa. Ranar 30 ga Yuli 2015 Vitalik Buterin da abokansa suka buɗe Ethereum, kundin da ba kuɗi kaɗai yake riƙewa ba, har da yarjejeniyoyi masu zartar da kansu, waɗanda ake rubutawa da harshen Solidity, na'urar da ake kira EVM ta gudanar da su. A Yuni 2016 wani ya gano kafa a cikin wata babbar yarjejeniya mai suna DAO, ya janye kimanin miliyan 3.6 na kuɗin Ethereum, wanda ake kira ita. Jama'ar suka kasu biyu: wasu suka ce abin da aka rubuta ya rubutu, wasu suka ce zalunci ba ya halatta don ya shiga kundi. Ranar 20 ga Yuli masu rinjaye suka sauya ƙa'ida suka mayar da dukiyar, 'yan tsirarun da suka ƙi suka ci gaba da tsohon kundin. A ganina wannan waƙi'a ta fi kowace bayyana gaskiyar lamarin, domin ta nuna cewa alƙalin da ke warware ciniki bai gushe ba, sai dai ya zama taron jama'a da ba su da zaure, ba su da muhuti, ba kuma inda wanda aka zalunta zai je ya durƙusa ya kai ƙara.

Wani abin da Ethereum ya haifar, wanda ya fi kuɗinsa tasiri, shi ne daidaituwar aiki ga masu rubuta manhaja. Tun ƙarshen 2015 aka gabatar da ƙa'idar ERC-20, wadda ta tsara yadda kowane sabon kuɗi zai amsa tambaya iri ɗaya: nawa ne a asusun wane, a tura wa wane kaza. Da masu ilmin suka yawaita, kayan aikinsu suka kankama, sai sababbin kundaye suka ga ba riba a ƙirƙiro sabon harshe. BNB Chain da aka buɗe a Satumba 2020, da Polygon, da Base na 2023, duk suka ɗauki EVM yadda take. Kamar dai malamin da ya haddace Muhtasar a Wurno ne, wanda in ya je Katsina ko Agadas ko Tambutu zai zauna ya yi hukunci ba tare da ya sake karatu ba, domin littafin ɗaya ne. Amma daidaituwar harshe ba ta nufin daidaituwar amana. Yarjejeniya guda tana iya gudana a kundaye biyar, alhali wani shaidunsa dubbai ne, wani kuwa 'yan ƙalilan ne da za su iya haɗa baki.

Neman yankewa ta yaƙini ya sa aka koma ga wani tsohon bincike. A 1982 Leslie Lamport da abokan aikinsa biyu sun tabbatar da cewa jama'a za su iya daidaita a kan magana ɗaya ko da akwai maha'inta a cikinsu, muddin maha'intan ba su kai sulusi ba. A kan wannan Ethereum ya gina sabon tsarinsa, ya bar haƙa ranar 15 ga Satumba 2022. Yanzu mai son zama shaida sai ya ajiye jinginar ita 32; ana buɗe damar shafi kowane daƙiƙa 12, shafi 32 su ne zango guda, idan kuma masu kashi biyu cikin uku na jinginar suka sa hannu a zango biyu a jere, watau bayan kimanin minti 13, cinikin ya yanke. Warware shi ba zai yiwu ba sai masu aƙalla sulusin jinginar sun yi shaidar zur, hukuncinsu kuwa ƙone dukiyarsu. Shaidar zur ta sami farashi ke nan. Ko wannan ma ya taɓa tangarɗa, domin a ranakun 11 da 12 ga Mayu 2023 yankewar ta tsaya sau biyu, na biyun fiye da sa'a guda, ko da yake shafuka ba su daina shiga ba.

Nijeriya ta shiga wannan fage da ƙafa biyu masu saɓani. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, sai samari suka koma saye da sayarwa tsakaninsu, galibi da dalar USDT a kan kundin Tron mai fitar da shafi kowane daƙiƙa uku. Ranar 25 ga Oktoba na shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira, wadda kamfanin Bitt ya gina a kan Hyperledger Fabric. Wannan kundi ne mai ƙofa, ba ya reshe, abin da ya shiga ya yanke nan take, saboda shaidun sanannu ne kuma Babban Banki ne ke da mabuɗi. Ta fuskar yankewa ya fi Bitcoin sauri nesa ba kusa ba. Ta fuskar daidaituwa kuwa ya zauna shi kaɗai, domin yaron da ya ƙware a Solidity a Kano ko Kaduna ba shi da ikon ɗora aikinsa a kai sai ta ƙofar da bankin ya buɗe. Wani bincike da Asusun Lamuni na Duniya ya buga a 2023 ya nuna kashi 98.5 cikin ɗari na asusun eNaira ba a taɓa su a kowane mako.

A gabashin Sakkwato kuwa akwai wani dalilin rashin karɓuwar eNaira da ya fi wannan kusa. A Satumba 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40, Allah ya jiƙansu. Kwana takwas bayan haka aka yi bikin ƙaddamar da eNaira a Abuja. Kundin da ke yanke ciniki cikin ƙiftawar ido ba shi da abin da zai yi wa manomin da wayarsa ba ta da sabis, kuma wannan sharaɗi ne da masu tsara irin waɗannan abubuwa suke yawan ɗauka kamar ya riga ya cika.

Sa'an nan aka zo canjin kuɗi. Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya ba da sanarwa ranar 26 ga Oktoba 2022 cewa za a sauya takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A tsakanin nan masu albasa da tafarnuwa da shinkafa na fadamar Rima, waɗanda da yawansu ba su da asusu, suka koyi wani sabon babi na fiƙihun ciniki a tsakiyar kasuwa. Abin da ya yi ta faruwa a irin su Achida shi ne, an taya, an sallama, an ɗora buhuna a mota, mai saye ya miƙo waya ya ce, "Alhaji, duba, an cire mini, ga shaida." Mai kaya ya dubi yaronsa, ko mai POS ɗin da aka ari asusunsa, a ce masa alat bai shigo ba. Sai ya dafa buhu ya ce, "Malam, ban ƙaryata ka ba, amma kayan nan ba su tashi sai na ga kuɗina." Dukansu biyu masu gaskiya ne, kuɗin sun bar ɗaya ba su isa ga ɗaya ba, direba yana ta matsa oda, albasa kuwa ba ta jiran sa'a 72 da Babban Banki ya ba bankuna tun 2020 don warware irin wannan matsala ta POS. Mayaudara ma suka sami kasuwa da alat na bogi, har ya zama ƙa'ida a wurin masu hankali cewa saƙon da ke wayar mai saye ba hujja ba ne, sai abin da mai kaya ya gani a cikin asusunsa.

Bayan wannan wahala hukuma ta sassauta. Ranar 3 ga Mayu 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, wadda ma'aikatar Isa Ali Pantami ta gabatar. A Disamba na shekarar Babban Banki ya janye haninsa na 2021. A Maris 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC. A farkon 2025 ɗin ne aka fito da cNGN, kuɗin da aka ɗaure darajarsa da naira ɗaya, kuma masu shi suka bi hanyar da eNaira ta ƙi, suka ɗora shi a kan buɗaɗɗun kundaye masu EVM, don duk mai rubuta manhaja ya iya haɗa shi da aikinsa ba tare da neman izini ba. Sai dai irin waɗannan kuɗaɗe suna da yankewa hawa biyu. Kundin yana iya cewa ciniki ya yanke, alhali kamfanin da ya fitar da kuɗin yana riƙe da ikon daskarar da asusu, kamar yadda kamfanin Tether ya sha yi wa masu USDT bisa buƙatar hukumomi; kuma ko an tsira daga wannan, ɗan kasuwar Wurno da aka biya da su sai ya mayar da su naira kafin ya sallami manoman da ya ɗauki kayansu, wannan mataki na ƙarshe kuwa ta banki yake bi, ta NIBSS, ta kuma turken sabis ɗin da ke bakin gari.